Katin Zaɓen Mma da Sunan 'Yar Fari

'Ya'yana, na san abin da ake faɗa muku a gidajen biki, wai ni da ƙanwata Adiza muna gaisuwar nesa ne saboda sarƙar zinaren Mma. Ƙarya ne. Sarƙar tana wuyan Adiza, ni na sa mata ita da hannuna ranar sadakar arba'in, kuma ko yau aka ba ni ba zan karɓa ba, don ba ta ma yi mini kyau. Abin da ya shiga tsakaninmu katin zaɓe ne, sai kuma kishi. Ba na ɓoyewa, ina kishin Adiza tun tana goye, kuma yanzu da haƙorana suka fara zubewa ban daina ba. Tun da autana Isiyaka ya fara maganar in koma sabon gidansa, a mayar da sunana wurin zaɓen unguwarsu, na ga gara in zauna in rubuta muku yadda aka yi da ɗan bokon da na koya a ajin manya, kafin wasu su ƙara wa labarin gishiri.

Ni ce 'yar fari a wurin Mma. Ku yaran yanzu kuna ɗaukar abin wasa, amma a gidajenmu na Zango a nan Kumasi uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari. Kunya ce, haka aka gada, kuma a duk layinmu babu wadda ta riƙe abin da ƙarfi kamar Mma Azumi. Sunana Salamatu. Duk tashar Race Course an san Hajiya Sala mai shinkafa da wake, direbobi suna ƙwala mini kira tun motarsu ba ta gama tsayawa ba, amma a bakin mahaifiyata ni “ke” ce. In da wani take magana, ni “waccan” ce. Ranar da ranta ya yi fari ƙal, sai in samu ƙarin girma in zama “mai shinkafa”. Adiza kuwa auta ce, mu biyu muka rayu cikin 'ya'yan Mma, kuma sunanta ba ya sauka daga bakin tsohuwar. Adiza, Adizatu, Adi tawa. Tsotsar sunan take kamar alewa. Na san al'ada ce, an gaya mini, ni ma na gaya wa kaina, amma sanin bai taɓa hana ƙirjina zafi ba.

Bayan rasuwar mahaifinmu Baaba ni na zauna da Mma a gidan gado. Ni ke dafa mata tuwon zafi da miyar ayoyo, ni ke gasa mata gwiwa da ruwan ɗumi, ni ke shan faɗanta in gishiri ya yi yawa. Ladan da nake samu guda ne, kuma sai shekarar zaɓe yake zuwa. Ranar jefa ƙuri'a, da an idar da asuba nake zuwa filin makarantar da ke jikin masallacinmu in ajiye dutse a layi, kamar yadda kowa ke yi don kama wuri. In rana ta ɗaga Mma ta ci ado da atamfarta ta ƙasan akwati, ta kama gwiwar hannuna, mu taka a hankali mutane suna cewa, ga Mma Azumi da 'yarta. Ma'aikata kan ce tsofaffi su wuce gaba, ita kuma ta ƙi.

“Ku bar ni in bi layi,” take cewa. “Ina da mai riƙe ni.”

Wannan kalma ita ce duk rabona, kuma da ita nake cika baki har wani zaɓen ya zagayo.

A shekarar da nake ba ku labari gwiwar ta matsa mata, likita ya ce ta riƙa zuwa babban asibiti akai-akai. Mijin Adiza, Alhaji Mumuni mai sayar da kayan gyaran mota, gidansa yana Bantama kusa da asibitin. Aka ce Mma ta je ta yi kwana biyu. Ni da kaina na ɗaure mata kaya. Kwana biyu ya zama wata, wata ya haifi watanni. In na kai mata tuwo sai in tarar da ita a ɗaki mai fanka da labule, ta miƙe ƙafa a kan kujera mai laushi, Adiza tana yanka mata gwanda. Tuwona ya huce a kwano, a ce an ƙoshi. Ina fitowa in shiga turotoro, motar hayar nan tamu, in koma Zango. Abu ɗaya nake rarrashin kaina da shi: sunan Mma yana cikin rajistar Zango. Duk daɗin Bantama baƙunta ce, in zaɓe ya zo dole ta dawo ta kama hannuna, kuma in ta shiga ɗakinta ta ji ƙamshin turarenta, na san ba za ta koma ba.

Sai aka yi shela a lasifikar masallaci cewa za a yi sabuwar rajista, kowa ya sake daga farko, tsohon kati ya daina aiki. Wanda ba shi da fasfo ko katin ɗan ƙasa, sai mutum biyu masu sabon kati su tsaya masa, su dangwala yatsa cewa sun san shi ɗan ƙasa ne. Su ake kira garanto. Mma ba ta da ko ɗaya cikin takardun nan. Ranar da aka fara na rufe tukunyata, na bar cinikin yini guda, na sha rana a layi har na karɓi katina, ba don ɗokin zaɓe ba, don dai yatsana ya zama shi ne zai tsaya wa uwata. Bakinta ba ya faɗin sunana, to bari a rubuta shi kusa da nata a takardar hukuma. Da na dawo na kira Adiza a waya na ce ta kawo Mma. Ku san Adiza, tun da ta zauna cikin Asantawa Hausarta ta yi tsami, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta.

“Yaya Sala, ƙafan Mma ba zai iya turotoro ba fa. Senta na rajista na nan bayan gidanmu, ko taksi ba ya so.”

“Mijinki ba shi da mota ne?”

“Yana da, amma doka ya ce mutum ya yi rajista inda yake kwana.”

“To, a ina take kwana?” na ce. “Baƙunta take yi a wurinki, Adiza. Ɗakinta yana nan, ni ke share shi.”

Ta ce za ta yi magana da Alhaji. Na ɗauka an gama.

Bayan 'yan kwanaki ina tsakar zuba wa wani direba shinkafa, sai maƙwabciyata Ladi mai koko ta sauko daga motar Bantama, ta ce ta hango Mma da Adiza a layin rajista na can, Mma ta sha atamfar ƙasan akwati. Na miƙa wa babbarku ludayi, ban ko kwance zanen aikina ba na faɗa mota. Na tarar da su a ƙarƙashin rumfa. Mma tana kan kujerar roba a gaban tebur, Adiza da Alhaji Mumuni suna tsaye a bayanta, sun riga sun yi garanto. Abin da idona ya fara sauka a kai shi ne tawadar da ke babban yatsan Adiza. Har yau in na rufe ido ina ganin tawadar nan.

Ma'aikacin da ke rubutu ya tambayi Mma da Turanci, ya sake da yaren Asante, asalinta ina ne. Kunnen Mma ya yi nauyi, kuma in ta tsorata duk yaren kasuwarta guduwa yake. Sai wani abokin aikinsa mutumin arewacin ƙasar nan ya sunkuyo ya ɗaga murya da Hausarsa ta koyo.

“Mma, ya ce ina gidanka?”

A nan sai na tsaya in yi muku bayani, don ku kun tashi kuna kiran inda katifarku take gida. A bakin tsofaffinmu ba haka ba ne. Nan zango ne, wurin da ayari ya sauke kaya. Gida shi ne can inda kakanni suka taso, ko da mutum bai taɓa taka wurin ba. Kakan Mma ne ya zo Kumasi da fataken goro. An haifi ubanta a nan, an haife ta a nan, iyakar tafiyarta zuwa arewa ba ta wuce Tamale ba, shi ma biki ya kai ta. Amma an ce mata gida, sai ta gyara zama ta ba da amsar da ubanta ya koya mata.

“Tawa,” ta ce.

Wani wakilin jam'iyya da ke zaune gefe da littafi a cinya ya ɗago kai. Ya tambaya Tawa a wace jiha take. Wani daga cikin layi ya ce ai Nijar ce. Kafin Alhaji Mumuni ya buɗe baki mutumin ya miƙe tsaye yana cewa calenji, calenji, wato bai yarda 'yar ƙasa ba ce. Adiza ta shiga rantse-rantse da yare uku, ba wanda ya saurare ta. Ma'aikatan suka ce doka ce, za su ɗauki hoto da yatsu, amma kati sai kwamiti ya zauna ya ji shaidu. Muna ɗaga Mma daga kujera wata mata a layi ta ce “ohoho”, wato baƙuwa. Wannan kalmar kam kunnen Mma ya kama ta.

Zan gaya muku abin da na ji a lokacin, kuma ba na neman afuwar kowa a kai. Daɗi na ji. Na dubi Adiza tana share hawaye da yatsan nan mai tawada, raina ya yi sanyi. Da a Zango ne, wakilan da ke zaune a rumfa duk Mma ta ci tuwon sunansu. In ta ce Tawa dariya za su yi, su ce a rubuta Kumasi, a wuce wurin. Adiza ta ɗauke ta daga inda aka san ma'anar maganarta ta kai ta inda ba a sani ba, don kawai a ce tata ce.

Da na koma Ladi ta ba ni shawara. Ta ce in naɗe hannuna. Adiza ba ta san dattawan Zango ba, ko gaisuwar salla ba ta zuwa, ba ta da shaidar da za ta kai. In kwamiti ya ƙi Mma a Bantama, wannan zaɓe ya wuce ta, amma duk ranar da aka sake buɗe rajista sai in kai ta filin makarantarmu, kuma daga nan babu mai sake cewa Bantama ta fi. Maganar ta zauna mini daram. Na kwana biyu ina juya ta ina jin daɗinta. Ko da Adiza ta zo rumfata ta durƙusa a gaban direbobi tana cewa Yaya ki taimaka, shinkafa na zuba mata na ce ta ci tukuna.

Abin da ya karya ni zuwa duba Mma ne. Na same ta a ɗakin nan mai fanka, ta ƙi abinci, ta baje tsofaffin katunanta na zaɓe a kan zane, waɗanda take ƙullewa a gefen ɗankwali tun ina budurwa. Ba ta dube ni ba, dama ba ta saba ba.

“Ke,” ta ce. “Mutanen nan sun ce ni baƙuwa ce. A tashar da kike sayar da abinci, wace mota ke zuwa Tawa? In na sauka, gidan wa zan tambaya?”

Na fita tsakar gida na yi kuka a bayan tankin ruwa, don kada Adiza ta gani. Na san abin da nake shirin yi. In na kawo shaidu aka ba Mma kati, a katin nan Bantama za a rubuta, kuma ni da hannuna na miƙa wa Adiza ita. Amma ba zan iya barin uwata ta kwanta da kalmar nan a kunnenta ba.

Ranar zaman kwamiti na ɗauki taksi na ɗauko Malam Sidi, tsohon limamin layinmu, da Iya Gambo wadda ta girmi Mma, kuma uwarta ce ungozomar da ta yanke wa Mma cibiya. Shugabar zaman wata Ba'asantiya ce mai furfura da tabarau, ba ta da wulaƙanci, da tafinta a gefenta. Malam Sidi ya yi bayanin zango da gida. Iya Gambo ta faɗi ɗakin da aka haifi Mma har da bishiyar da ke ƙofarsa. Ina ganin an gama, sai wakilin nan ya miƙe ya nuna ni, ya ce duk shaidun nan wannan matar ce ta kwaso su a mota, ita wace ce? Shugabar ta juya wurin Mma ta nuna Adiza, tafinta ya ce wace ce wannan.

“Adiza ce, autata.” Ko numfashi ba ta ja ba.

Aka nuna ni. “Wannan fa? Yaya sunanta?”

Mma ta sunkuyar da kai. Tafinta ya sake tambaya da ƙarfi, yana zaton kunne ne. Mma ta kama bakin mayafinta tana murzawa. Wakilin ya yi dariya ya buɗe hannuwa, ya ce kun gani, ko sunanta ba ta sani ba, hayar shaidu aka yi. Malam Sidi ya yi gyaran murya ya ce ranki ya daɗe, al'adarmu ce, uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. Shugabar ta ce ta ji kuma tana girmama al'ada, amma an yi zargi a gabanta, tana son amsa daga bakin Mma. Ina da katina a jaka, ina iya ajiye shi a tebur in roƙi a ƙyale tsohuwa. Ban motsa ba. Ina so in ji. Sai Adiza ta dafa kafaɗarta.

“Mma, ka faɗa mana. Suna ne kawai.”

Suna ne kawai! Wanda aka yi ta kiran sunansa tun yana zanen goyo ne kaɗai zai iya faɗin haka. Da ba a gaban hukuma muke ba, da na gaya mata maganar da za ta hana ta barci.

Mma ta ja mayafi ta rufe bakinta, ta yi magana can ƙasa. Tafinta ya ce bai ji ba. Ni na ji. Ta sauke mayafin, idonta a kan siminti.

“Salamatu. Ta fari ce. A ɗakin da aka haife ni na haife ta.”

Ban san sunana yana da tsawo haka ba sai ranar. Iya Gambo ta ce la'ilaha illallahu ta rufe fuska, kamar an yi tsiraici a gabanta. Shugabar ta dubi katina, ta dubi fuskata da ta Mma, ta rufe maganar. Aka ba Mma katinta, da sunan wurin zaɓen Bantama a jiki. A bakin ƙofa ta kama gwiwar hannun Adiza, daidai inda take kama nawa, suka shiga motar Alhaji Mumuni. Ni kuma na mayar da tsofaffina Zango a taksi.

Ba ta sake faɗa ba har ta koma ga Allah. Ta ma yi makonni tana kauce wa idona, in na shigo ta juya fuska bango. Ranar zaɓe na ajiye dutsena na bi layi ni kaɗai, da yamma aka nuna mini hoto a waya, Adiza baki har kunne, Mma a jikinta ta ɗaga ɗan yatsa mai tawada. Da aka buɗe damar mayar da suna wani wurin zaɓe, na je na ce mata ga hanya ta samu, mu mayar da ita Zango.

“Ke, bar shi,” ta ce. “Kada Adiza ta ga kamar ta gaza.”

Ko a nan ran Adiza ake lallashi. A Bantama ta rasu. Da aka kafe sunayen masu zaɓe don gyara, Adiza ce ta je ta ce a cire sunan mamaciya, tunda a unguwarta yake. Har wannan ɗan aikin na ƙarshe ita ta samu, kuma na so a ce ni ce. To, kun ji abin da ke tsakanina da innarku. Sau ɗaya na ji sunana a bakin uwata, kuma a ranar na rasa ta. Adiza ta ji nata sau babu iyaka, ta kuma tafi da tsohuwar. Muna gaisawa, in ba ta da lafiya ina kai mata tuwo, amma kada wanda ya ce in daina jin abin da nake ji.

Isiyaka, gidanka ya yi kyau, Allah ya sa albarka, na ga ɗakin da ka ware mini da fankarsa. Amma ranar da ka kawo maganar mayar da sunana, kai kana kallona ne, ni kuma ina kallon babbarku. Tana tsugune tana matsa mini ƙafa, hannunta ya tsaya cak, ba ta ɗago ba. Na san wannan sunkuyon, na yi shi shekara da shekaru. Sai a ranar na lura ni ma tun da na haife ta “ke” nake ce mata, kai kuwa sunanka ba ya sauka daga bakina. Don haka sunana yana nan a filin makarantar jikin masallaci, kada wanda ya taɓa shi. In wani ma'aikaci ya tambaye ni ina gida, ba zan ce Tawa ba, zan faɗi wurin wadda take riƙe ni. Bakina har yanzu yana nauyi, na gwada jiya tana shara na kasa. Amma ba zan bari sai an kai mu gaban kwamiti ba, ga shi hannuna ya rubuta, ki karanta da idonki: Rahinatu.